Tambayoyi da Amsoshi a Kan Kalmar Amazon: Daga Mata Mayaƙa Zuwa Mutanen Kogi

Kalmar Amazon na yawan rikita masu karatu da masu fassara, domin yau a ji ta a labarin gobarar daji, gobe a tarihin Dahome, jibi a tallar kayan intanet. Duka daga tushe guda suka fito. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Ma'ana nawa kalmar take da su?

Manya dai huɗu ne. Ta farko, wata al'ummar mata mayaƙa da Girkawan dā suka cika labaransu da ita. Ta biyu, babban kogin Kudancin Amurka da dajin da ya kewaye shi, da kuma mutanen da ke zaune a can. Ta uku, duk wata rundunar mata ko mace jaruma da Turawa suka ga ta yi kama da na Girkawa, musamman sojojin mata na masarautar Dahome. Ta huɗu, kamfanin ciniki na Amurka. Akwai ƙananan ma'anoni a sunayen tsuntsaye da kifi da duwatsu, za mu zo kansu.

Abin lura shi ne, ban da kamfanin, babu ko ɗaya daga cikin masu wannan suna da ya raɗa wa kansa shi. Kowane karo baƙo ne ya zo ya laƙaba.

Su wane ne Amazon na asali?

A wajen Girkawa, mata ne da ke mulkin kansu, suna hawan doki, suna harbi da kwari da baka, suna riƙe da mashi da gatarin yaƙi da wata 'yar garkuwa mai siffar jinjirin wata. Mawaƙinsu Homer, wanda ake ƙiyasta zamaninsa da ƙarni na 8 kafin Miladiyya, ya ambace su da wata kalma mai nufin "daidai da maza". An ce babban birninsu Temiskira yana bakin kogin Termodon, a gaɓar kudu ta Bahar Aswad. Kogin yana nan har yau a Turkiyya, a lardin Samsun, ana ce masa Terme.

Kusan kowane babban gwarzon Girkawa sai da aka haɗa shi da su. Herakles an aike shi ya karɓo ɗamarar sarauniyarsu Hipolita, shi ne aiki na tara cikin ayyuka 12 da aka ɗora masa. Tesiyus na Atina ya ɗauke Antiyope, ɗaya daga cikinsu, 'yan'uwanta suka biyo sahu har suka kewaye birnin. Akilis ya kashe sarauniyarsu Pentesiliya a yaƙin Turoi. A duk waɗannan labarai matan ne ke shan kaye a ƙarshe, amma ba a taɓa nuna su a matsayin matsorata ba. Girkawa sun zana su a jikin tukwane masu ɗimbin yawa, sun kuma sassaƙa yaƙinsu a bangon manyan wuraren bautarsu.

Gaskiya ne sunan yana nufin "marar nono"?

Wannan bayani ya daɗe yana yawo, kuma ba shi da ƙafar tsayawa. A Girkanci "a" na nufin babu, "mazos" kuma nono. Da Girkawa suka ji kalmar da ba su san asalinta ba, sai suka raba ta haka, suka ƙirƙiro labarin cewa ana ƙone ko yanke nonon dama na yarinya don kada ya hana ta jan baka. Wani tsohon littafin likitanci da ake jingina wa Hipokrates ma ya faɗi haka game da matan Sauromata, wata al'ummar makiyaya mahaya doki.

Hujjoji biyu sun rushe shi. Masu zane na Girka kansu ba su taɓa nuna matan da nono ɗaya ba, kullum biyu ne, ko da an bar ɗaya a buɗe. Sannan harbin baka ba ya bukatar haka. Bakan mutanen doki gajere ne, ana jan tsirkiyarsa zuwa fuska ko kafaɗa, kuma mata na gasar harbi a duniya yau ba tare da an taɓa jikinsu ba.

Masana harshe sun fi karkata ga cewa kalmar aro ce daga wani harshe na gabas. Shawarar da aka fi ambata ita ce ta fito daga tsohon harshen dangin Farisanci, daga wata kalma mai nufin mayaƙa. Duk wanda ya rubuta "Amazon, wato marar nono" a matsayin fassara, kuskuren shekara fiye da 2,000 ya maimaita.

To tatsuniya ce zalla, ko an yi su?

Ƙasar mata zalla ba tare da maza ba, wannan tatsuniya ce. Amma mata mayaƙa a kan doki an yi su, kuma ƙasusuwansu na nan.

Masanin tarihi Herodotus, a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya rubuta cewa Sikitiyawa, makiyayan da ke arewacin Bahar Aswad, suna kiran matan Oyorpata, wato masu kashe maza. Ya ce wasu daga cikinsu sun auri samarin Sikitiya, suka ƙi zaman ɗaki irin na surukansu, suka ƙaura gabas da kogin Don, zuriyarsu ta zama Sauromata. Ya ƙara da cewa a can budurwa ba ta aure sai ta kashe abokin gaba. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin hirar matafiya.

Da masu tonon kayan tarihi suka shiga buɗe tuddan kaburbura a kudancin Rasha da Yukiren da iyakar Kazakistan, sai al'amari ya canza. A dā, duk ƙwarangwal da aka samu da takobi ko kibau a gefensa, namiji ake rubutawa ba tare da bincike ba. Da aka fara auna ƙashin ƙugu da ƙoƙon kai, daga baya kuma gwajin ƙwayoyin halitta ya zo, aka gano mata ne da yawa. A yankin ƙasan kogunan Don da Bolga, kusan kashi 20 cikin 100 na kaburburan mayaƙa na mata ne. A Pokrovka, inda aka yi tono a shekarun 1990, an samu wata yarinya da ƙasusuwan ƙafarta suka lanƙwashe saboda hawan doki, ga kawunan kibau na tagulla a gefenta. A 2019, a kusa da ƙauyen Devitsa na yankin Voronezh, an tono mata huɗu a tudu guda, tare da kibau da masu da kayan doki, babbar cikinsu da adon kai na zinariya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A yaƙin ƙasa da sulke mai nauyi, ƙarfin ƙirji ne ke aiki. A kan doki da baka kuwa, ƙwarewa da saiti ne, kuma makiyayi ba ya iya barin rabin gidansa bai iya kare garke ba. Bagirken da matarsa ke kulle a gida ya ga wannan, ya koma ya ƙara masa gishiri.

Yaya sunan ya tsallake teku ya hau kan kogi?

Sifaniyawan da suka shiga nahiyar Amurka sun tafi da labarin a kansu. Tun 1493 Kolumbus ya rubuta cewa an ba shi labarin wani tsibiri na mata zalla. Ko sunan Kaliforniya daga wani littafin almara na Sifaniya aka ɗauko shi, mai labarin tsibirin mata mayaƙa. Ke nan suna neman Amazon tun kafin su ga kowa.

Bature na farko da ya ga bakin kogin shi ne Vicente Yáñez Pinzón a 1500. Ya tarar da ruwan daɗi a tsakiyar teku, nesa da gaɓa, ya kira wurin da sunan da ke nufin teku mai ruwan daɗi. A 1541 Gonzalo Pizarro ya tashi daga Kito, a Ekwado ta yau, da runduna don neman ƙasar kirfa da zinariya. Yunwa ta ci su a daji. A ƙarshen shekarar ya tura mataimakinsa Francisco de Orellana da mutum hamsin da 'yan kai a jirgin ruwa su nemo abinci. Ruwa ya ja su ta kogin Napo, komawa baya ta gagara ko kuma ba su so ba, suka bi ruwa har suka faɗa Atlantika a watan Agusta na 1542.

A cikinsu akwai wani malamin Kirista, Gaspar de Carvajal, wanda ya rubuta labarin tafiyar. Ya ce ranar 24 ga Yuni, 1542, a yankin da ake dangantawa da kogin Nhamundá, mutanen gari suka tare su da kibau, kuma a sahun gaba akwai mata goma ko goma sha biyu suna yaƙi kamar shugabanni, duk namijin da ya juya baya su buge shi da kulki. Ya siffanta su da dogaye, farare, masu dogon gashi a kitse an naɗe a ka. A faɗace-faɗacen ranakun ne kibiya ta cire masa ido ɗaya. Da labarin ya isa Sifaniya, sai "kogin Amazon" ya danne sauran sunaye, har da na Orellana kansa, wanda ya mutu a bakin kogin a 1546 a tafiyarsa ta biyu.

Me Carvajal ya gani da gaske?

A nan ya kamata a raba abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Abin da ya ce ya gani da idonsa, mata kaɗan ne a cikin yaƙi, kuma wannan ba abin mamaki ba ne a garin da baƙi masu bindiga suka afka wa. Wasu masana na ganin maza ne masu dogon gashi ya hango a cikin ruɗani, ko da yake mutumin da ya yi watanni yana ganin mutanen yankin da wuya ya kasa bambance mace da namiji.

Sauran labarin kuwa daga bakin wani fursuna ya fito, wanda Orellana ya yi wa tambayoyi da 'yan kalmomin da ya tsinta a hanya. Fursunan ya ce akwai sarauniya mai garuruwa 70 da gidajen dutse, matan na kamo maza lokaci-lokaci, in sun haifi mace su riƙe, in namiji ne su rabu da shi. Wannan shi ne labarin Girkawa kusan kalma da kalma. Mu a ganinmu, mai tambaya ne ya sa wa wanda ke ɗaure amsa a baki, shi kuma ya ce to don ya tsira. Baturen Ingila Walter Raleigh a 1595 da Bafaranshe La Condamine a 1743 duk sun bi sawun matan, kowa ya ce musu suna can gaba, ba wanda ya iske su.

Akwai dai tatsuniyar gida a yankin, ta matan da ake kira Icamiaba, waɗanda aka ce suna ba mazan da suka ziyarce su wani koren dutse mai siffar kwaɗo, muiraquitã. Duwatsun na gaske ne, suna gidajen tarihi. Akwai kuma masu cewa sunan kogin daga wata kalmar 'yan ƙasa ce mai nufin "mai fasa jirgi", saboda igiyar ruwan teku da ke turowa cikin kogin. Rubutun Carvajal ya fi wannan bayani ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kogin sunansa ɗaya daga tushe har teku?

A'a, kuma wannan na sa a yi kuskure a taswira. Ya samo asali daga tsaunukan Andes na Peru. Manyan rassa biyu, Marañón da Ucayali, suna haɗuwa kusa da garin Nauta, daga nan mutanen Peru ke ce masa Amazonas. Yana shiga Burazil sai ya koma Solimões, har ya isa Manaus inda baƙin ruwan Rio Negro ke haɗuwa da nasa mai launin ƙasa. Ruwan biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa kilomitoci ba su gauraya ba, saboda bambancin zafi da gudu da kauri. Daga nan zuwa teku ne 'yan Burazil ke kiransa Amazonas.

Tsawonsa wajen kilomita 6,400 ne, ana ta gardama ko shi ko Nilu ne ya fi tsawo. A yawan ruwa babu gardama: yana zuba kimanin mita kubik 209,000 a teku kowace daƙiƙa, wato kamar ninki biyar na kogin Kwango, kuma fiye da ninki talatin na Kwara. Babu gada ko ɗaya a kan ainihin kogin. Wadda aka buɗe a Manaus a 2011 a kan Rio Negro take.

Dajin ya ratsa Burazil, wadda ke da kusan kashi 60 cikin 100, da Peru, Kolombiya, Bolibiya, Ekwado, Benezuwela, Guyana, Suriname da Giyana ta Faransa. Yana da wata alaƙa da yankinmu da ba kowa ya sani ba: ƙurar Sahara, irin ta hunturu, ciki har da wadda ke tashi daga kwarin Bodele na Cadi, tana tsallake Atlantika ta sauka a dajin. Wani binciken hukumar NASA na 2015 ya ƙiyasta ta da tan miliyan 27 da ɗoriya a shekara, ɗauke da sinadarin fosfaras da ruwan sama ke wanke wa ƙasar.

Idan aka ce "mutanen Amazon", su wa ake nufi?

Ba ƙabila ɗaya ba ce, kuma ba zuriyar mata mayaƙa ba ne. Kamar a ce "mutanen kogin Kwara" ne a haɗa Bamali da Bazabarme da Banufe da ɗan Ijo a kwando ɗaya. 'Yan asalin yankin sun haura al'umma 300, harsunansu kuma sun kasu manyan gidaje irin su Tupi, Arawak, Karib, Pano, Tukano da Je, waɗanda ba sa jin juna ko kaɗan. Yanomami suna kan iyakar Burazil da Benezuwela, Tikuna a saman Solimões, Munduruku a kogin Tapajós, Kayapo a yankin Xingu, Ashaninka da Shipibo a Peru, Shuar da Waorani a Ekwado.

Bayan su akwai mutanen bakin ruwa da ake kira ribeirinhos, gaurayen jinin 'yan ƙasa da Turawan Fotugal da 'yan Afirka, masu kamun kifi da noman rogo. Akwai quilombolas, jikokin bayin Afirka da suka gudu suka kafa garuruwansu a cikin daji. Sannan mafi yawan mazauna yankin a yau 'yan birni ne. Manaus kaɗai ta haura mutum miliyan 2. Saboda haka hoton mutum da gashin tsuntsu a ka ba ya wakiltar kowa.

Yaya ake zama a wurin da ruwa ke hawa da sauka haka?

Kogin na tashi da mita 10 ko fiye tsakanin rani da damina, shi ya sa ƙasar ta kasu biyu a idon mazauna. Akwai fadama, várzea, wadda ruwa ke rufewa watanni ya bar mata laka mai taki, da kuma tudu, terra firme, da ruwa ba ya kaiwa amma ƙasarsa ba ta da ƙarfi. A fadama ana gina gida a kan dogayen turaku ko a kan gungumen da ke iyo. Ana shuka masara da wake da kankana da zarar ruwa ya janye, a girbe kafin ya dawo. Wanda ya makara da shuka, ruwa ne zai yi masa girbi. Kifi ya fi kamuwa lokacin janyewar ruwa domin ya taru wuri ɗaya, ciki har da pirarucu, wanda kan kai mita 3.

Abincin yau da kullum rogo ne, kuma a wannan yanki aka fara noma shi kafin Turawan Fotugal su kawo shi Afirka a ƙarni na 16. Sun fi shuka mai ɗaci, mai guba, domin ƙwari da dabbobi ba sa damunsa. Ga yadda ake cire gubar: a fere, a wanke, wani lokaci a jiƙa kwana uku zuwa biyar har ya yi laushi, a gurza, a cusa a wani dogon saƙaƙƙen bututu mai suna tipiti, a rataye shi, a sa sanda a madaukin ƙasa a danna da nauyin jiki har ruwan ya tsiyaye. Daga nan a tankaɗe, a soya a faffaɗan kasko ana juyawa har ya bushe ƙarau. Ruwan da aka matse ba a zubarwa. Ana bari sitati ya kwanta, a tafasa na saman sosai har gubar ta fita, ya zama romon tucupi. Duk wanda ya san garin kwaki ya gane aikin. Inda matsala take shi ne gaggawa: in aka taƙaita jiƙo ko matsa ko suya, sinadarin sayanayid na saura, ya jawo amai da jiri, in ya yi yawa ya kashe.

Ashe ba dajin da ba a taɓa zama a cikinsa ba ne?

Carvajal ya rubuta cewa sun wuce garuruwa a jere a bakin ruwa, cike da jama'a. Waɗanda suka zo bayansa da ƙarni guda ko biyu ba su ga haka ba, sai aka ce ƙarya ya yi, tunda ga labarin mata nan ma. Ashe agana da ƙyanda da farautar bayi ne suka share mutanen. An gano baƙar ƙasa, terra preta, wadda mutane suka gina da gawayi da tsingaron tukwane da ƙashin kifi da sharar gida, a wasu wurare zurfinta ya kai mita 2, kuma har yau manoma na neman ta. Hoton na'urar lesa daga jirgin sama ya fito da tituna da dandamali a Bolibiya a 2022, da kwarin Upano na Ekwado a 2024. Mutumin da aka ƙaryata kan mata, ya fito da gaskiya kan garuruwa.

Me ya sa ake hana zuwa wajen al'ummun da suka keɓe kansu?

Saboda mura kawai na iya kashe rabin ƙauye, jikinsu bai saba da ita ba. Yawancinsu kuma ba rashin sanin duniya ya sa suka keɓe ba, gudu kakanninsu suka yi. A zamanin cinikin roba, daga wajen 1879 zuwa 1912, an bautar da dubban mutane an kashe su, musamman a kogin Putumayo. Tun 1987 hukumar FUNAI ta Burazil, mai kula da al'amuran 'yan asalin ƙasa, ta koma ga manufar kare ƙasarsu ba tare da neman saduwa da su ba, kuma kwarin Javari ne ya fi kowane wuri yawan irin waɗannan al'ummu. Barazanar yanzu masu saran katako ne da masu haƙar zinariya, waɗanda zaibar da suke wanke zinariya da ita ke shiga kifi, daga kifi ta shiga jikin yara. A Janairun 2023 sai da gwamnatin Burazil ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya a ƙasar Yanomami.

Su kuma Amazon na Dahome fa?

Waɗannan tarihi ne tabbatacce, a kudancin Jamhuriyar Benin ta yau, hedikwatarsu Abome. Turawa ne suka kira su Amazon. A harshen Fon ana ce musu Agojie, ko Mino, wato iyayenmu mata, kuma a hukumance matan sarki ne, ahosi, ba a yarda wani namiji ya kusance su ba. Ana danganta asalinsu da mata maharban giwa, wasu kuma da sarauniya Hangbe ta farkon ƙarni na 18. Sarki Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, shi ya mayar da su cikakkiyar runduna ta dubbai, masu bindiga da adda, da horo mai tsanani har da hawa shingen ƙaya.

Sun yi asara mai yawa a hare-haren Abekuta na 1851 da 1864, suka kuma gwabza da Faransawa a 1890 da 1892 ƙarƙashin sarki Behanzin, inda manyan bindigogi suka ƙarar da mafi yawansu. Sojojin Faransa da kansu sun yaba jarumtarsu. Dole a faɗi ɗaya ɓangaren: rundunar ta yi aiki a yaƙe-yaƙen kamo bayi da Dahome ta dogara da su. A 2022 an kafa mutum-mutumi mai tsayin mita 30 a Kwatano don tunawa da su. Da irin wannan aro ne jaridun Turai suka kira mata masu tsaron Gaddafi da sunan Amazon.

Ana iya kiran Sarauniya Amina ko Sarauniya Mangu da wannan suna?

Wasu marubuta na yi, amma bai dace sosai ba. Amazon jama'a ce ta mata masu yaƙi tare. Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, da Sarauniya Mangu ta Lugu a yankin Dogondutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta hafsoshi Voulet da Chanoine a 1899, shugabanni ne da suka ja rundunar maza. Hausa ba ta rasa abin kiransu ba: sarauniya, jaruma, gwarzuwa, kallabi tsakanin rawuna. Aro wa Amina sunan Girka kamar auna ta ne da mudun wani gari.

Kamfanin Amazon da wanne yake da alaƙa?

Da kogin. Jeff Bezos ya kafa shi a 1994 da sunan Cadabra, ya sauya suna kafin buɗe shafin sayar da littattafai a 1995. Ya so suna mai fara da harafin A don ya zo a saman jeri, mai kuma nuna girma. Daga baya sunan ya jawo rigima: a 2012 kamfanin ya nemi mallakar adireshin intanet mai ƙarewa da .amazon, ƙasashe takwas na yarjejeniyar haɗin kan yankin ta 1978 suka ƙi, Burazil da Peru a gaba. A 2019 hukumar ICANN, mai kula da sunayen adireshin intanet, ta bai wa kamfanin.

Dabba ko dutse mai wannan suna, daga dajin yake ke nan?

Ba lallai ba. Akun da ake kira Amazona, koraye masu kwaikwayon magana, na nahiyar Amurka ne, amma da yawansu a Meziko da tsibiran Karibiyan suke, kuma dabam suke da akunmu mai ruwan toka da jan wutsiya. Wani ɗan kifi na Texas da Meziko ya samu sunan ne domin dukansu mata ne. Tururuwar Polyergus ta same shi saboda kai hari gidan wasu tururuwa tana kwashe 'ya'yansu su yi mata aiki. Koren dutsen amazonite sunan kogin ya ci, alhali manyan ma'adanansa suna Rasha da Amurka da Madagaska. A Faransanci kuma, "monter en amazone" na nufin hawan doki da ƙafafu biyu a gefe ɗaya, masu karatun Faransanci a Nijar da Kamaru da Cadi sai su kula da wannan.

Yaya mai fassara zai rubuta kalmar da Hausa?

Ya fara duba abin da ke kewaye da ita, sannan ya ƙara kalmar da ke fayyacewa: kogin Amazon, dajin Amazon, kamfanin Amazon, matan Amazon na tatsuniyar Girka. Ga na Dahome, "mayaƙan Agojie" ya fi, a bayyana sau ɗaya cewa Turawa na ce musu Amazon. Idan an siffanta wata mace da kalmar, jaruma ko mayaƙiya ta wadatar, sai dai a lura wani lokaci doguwa ƙaƙƙarfa kawai ake nufi, babu batun yaƙi. Ga mazauna dajin, in labarin ya ambaci sunan al'ummar, a yi amfani da shi, a ce Yanomami ko Munduruku.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne Amazonas. Sunan kogin ne a Sifaniyanci da Fotugis, kuma sunan yankunan mulki huɗu ne a ƙasashe huɗu: jiha a Burazil mai hedikwata a Manaus, jiha a Benezuwela mai hedikwata a Puerto Ayacucho, lardi a Kolombiya mai hedikwata a Leticia, da yanki a Peru mai hedikwata a Chachapoyas, wanda garin ma a kan tsauni yake. In labari ya ce gwamnan Amazonas, sai an nemo ƙasar kafin a rubuta.